Kayan da suka yi wa yara kaɗan: me za a ɗinka da su?

Maman Biyu, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sana'ar hannu a kan kayan yara da suka yi musu kaɗan. Ina da buhu guda cike da rigunan atamfa, da 'yan shaddodin sallah, da wandunan jins, da rigunan sanyi na gwanjo, kuma babu ƙanen da zai gaje su, domin auta ce ta gama sa su. Ina da keken ɗinki na ƙafa, amma iyakata miƙaƙƙen ɗinki. Mene ne zan iya fitarwa daga cikinsu wanda gida zai mora?

Tela, Sabon Layi:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Miƙaƙƙen ɗinkin ya ishe ki. Ki fara wanke kayan, ki goge su, ki farke ɗinkunan, sannan ki tara zik da maɓallai a gwangwani, domin za su yi amfani nan gaba. Bayan haka ki ware su bisa irin yadinsu, saboda idan aka haɗa riga mai talewa da atamfa, ɗinkin tattarewa yake yi, kuma guga ba ta miƙar da shi.

Atamfa da shadda su ne suka fi dacewa da abin rufa. Ki yanka su murabba'i, inci 5 kowane gefe, ki bar rabin inci na ɗinki, ki jera su layi-layi kafin ki haɗa layukan. Ki sa tsohon zani a baya, tsohon bargo a tsakiya, sannan ki bi tsawonsa da faɗinsa da ɗinki don kada na cikin ya dunƙule idan an wanke. Wanda aka gama kafin Disamba zai tare wa yara sanyin hunturu. Shi kuwa wandon jins, ƙafarsa guda jakar Islamiyya ce: a ɗinke ƙasan, a yi mata hannu da ƙugun wandon. Sai dai ki sa allura mai lamba 16 ko 18, domin ƙarama karyewa take yi a inda ɗinkin ya yi kauri.

Hajiya Babba, Daura:
'Yata, kafin ki ɗauki almakashi, ki zazzage buhun nan a tabarma ki duba kayan ɗaya bayan ɗaya. Duk rigar da ba ta yage ba, ba ta kuma koɗe ba, ban ga dalilin yanka ta ba alhali akwai 'ya'yan dangi da marayu da almajiran unguwa da za su sa ta. Waɗanda suka mutu su ne na aiki. Mu a da muna naɗa gammo da su, mu yi majanyi da doguwar atamfa, ƙananan ƙyallaye kuma mu cusa su a matashi, ko da yake matashin tsumma ya fi na auduga nauyi da tauri. Ki kiyaye abu ɗaya: kada ki yi tsumman sauke tukunya da yadin roba, domin narkewa yake yi ya manne a hannu. Na auduga za ki ninka.

Malama, Ƙofar Marusa:
Maganar Hajiya gaskiya ce. Rigunan nan masu talewa da Malam tela ya ce a ware su ma suna da amfani. Ana yanka su siri-siri, a kitsa uku-uku, a naɗe kitson a zagaye ana ɗinkewa da zare mai ƙarfi, har ya zama abin goge ƙafa na bakin ƙofa. Idan kuma za a yi 'yar tsana, a ɗinka idanun da baƙin zare maimakon maɓalli, saboda ƙaramin yaro yana iya cirewa ya haɗiye.

Maman Biyu, Ƙofar Ƙaura:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, zan ware masu kyau in bayar. Malam, shaddodin ba za su kai ba. Zan iya cikawa da sabon yadi?

Tela, Sabon Layi:
Za ki iya, amma ki jiƙa sabon ki shanya shi tukuna, domin sabon yadin auduga yana ɗan tsukewa a wankin farko, wani kuma yana zuba, sai ya ɓata farar shaddar da ke kusa da shi.