Rukunin gidaje a jikin ƙauyukan Abuja: me ke fara lalacewa?

Mai Tsara Gari: Assalamu alaikum. Gine-gine sun wuce Lugbe sun doshi Kuje, ta ɗaya ɓangaren kuma sun haye Dutsen Alhaji sun shiga Ushafa da Bwari. Masu safiyo, injiniyoyi, magina da masu harkar filaye da ke nan, ku faɗi abin da kuke gani a wurin aiki. In aka dasa rukunin gidaje a jikin ƙauye, me ke fara lalacewa, kuma wane mataki ke tare shi?

Ɗan Safiyo: Wa alaikumus salam. Hanya ce ke fara mutuwa. Takardar safiyo iyaka kawai take nunawa, ba ta san hanyar rafi ko ta gona ko ta maƙabarta ba, balle burtali. Fili mai hekta 10, in tsawonsa da faɗinsa daidai suke, kowane gefe ya kai mita 316. Matar da a da take ratsa shi ta tsakiya zuwa rafi, yau sai ta zagaye katanga, tafiyar ta ninka, da ruwa a bisa. Bayan 'yan watanni sai a wayi gari an huda katangar, a ce ɓarayi ne.

Kafin a kafa dutsen iyaka ko ɗaya, a zaga filin a ƙafa tare da mutanen mai unguwa, har da mata, don su ne suka san hanyar ruwa da ta itace. A ɗauki kowace hanya da na'ura a saka ta a zane. Hanyar ƙafa a bar mata kamar mita 3. Burtali kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba, sai an tambayi makiyaya. Raba rukunin gida biyu, hanya ta bi tsakani, ya fi rigima araha.

Injiniyan Ruwa: Malam Ɗan Safiyo ya yi gaskiya, amma ni ruwa zan sa a gaba. Ga lissafi: ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ne. Rufin gida mai murabba'in mita 200, in aka yi ruwa milimita 50 a dare guda, ya zubo lita 10,000. Gida 100, lita miliyan ɗaya ke nan, ba a ma sa tsakar gidajen da aka malale da siminti ba. A da gonar doya ce ke shanye mafi yawansa. Yanzu magudanar rukunin tana tattara shi, ta kai shi bakin katanga, nan aikin ɗan kwangila ya ƙare. Abin da ke gangaren kuwa gidajen ƙasa ne. Ruwan ya ci gindin bango, ya shiga rumbu, a damina biyu ya yanka kwazazzabo.

Magudana sai ta kai rafi tukuna ake cewa an gama ta, ko da hakan na nufin aiki a wajen filinka. Inda ta ratsa hanyar ƙauye kada a sa ƙaramar kwalbatin zobe, yashi da leda za su toshe ta a ruwan farko. A zuba babba mai kusurwa huɗu wadda mutum zai iya shiga ya yashe. Fadama kuma ba wurin gini ba ce ko an cika ta da jar ƙasa, ambaliyar unguwar Lokogoma ta ishi kowa gani. Shi ya sa duba fili a watan Agusta ya fi na Fabrairu, lokacin da ko'ina ya bushe ya yi kyau.

Sai ruwan sha. Kowane gida ya haƙa burtsatsensa, rijiyoyin ƙauye marasa zurfi su ƙafe tun kafin bazara. Gara burtsatse ɗaya ko biyu da babban tanki, a fitar da famfo wajen katanga. Sokawe kuma ya nisanci kowace rijiya da aƙalla mita 30, kuma kada ya zauna a samanta ta wajen gangare.

Lauyan Filaye: Tun dokar 1976 da ta kafa Babban Birnin Tarayya, ƙasar Abuja a hannun Gwamnatin Tarayya take, kuma minista ne ke ba da takardar mallaka. Takardar da sarki ko mai unguwa ya sa wa hannu ba ta maye gurbinta, a je AGIS, ofishin bayanan filayen Abuja, a bincika kafin a biya ko kwabo. Sai dai riƙe takarda ba ya nufin filin babu kowa. Gbagyi na noma wuraren nan tun kafin a zana birnin. Diyya kan gini da amfanin gona da itatuwa ake biya, ba kan ƙasar ba, kuma a nan ake cuɗewa: a yi ƙidaya da rani gona fayau, ko a damƙa kuɗin ga mutum ɗaya ya raba. A ƙirga a bainar jama'a, kowane manomi tsaye a gonarsa, da hoto da sa hannu.

Hajiya Mai Shuke-shuke: Yallaɓai Lauya, a ƙidayar ma matan da ke tsintar kaɗanya da ɗorawa ba a cika tuna su ba. Abin takaici, katafila ake fara turawa ta share komai, daga baya a kira mai zane. Kaɗanya kan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. A shafa wa manyan itatuwa jan fenti tun farko, a kewaye kowace har inda inuwarta ta tsaya, domin saiwa ta kai can. Kada a jibga ƙasar ciko a gindinta, kada ramin bututu ya ratsa ta wurin. In an yi haka ba nan take take mutuwa ba, sai bayan shekara biyu ko uku ta fara bushewa daga sama.

Magini Kubwa: Ku yi haƙuri, Hajiya, duk wannan kuɗi ne. Fuloti ƙafa 50 a 100 da aka bar wa bishiya ko hanya, mai rukunin ya riga ya san farashinsa, mai saye kuma doguwar katanga da bene yake nema. Amma akwai abin da ba ya cin ko sisi: layin da ke kallon ƙauye a yi shi gidajen ƙasa-ƙasa, benaye su koma tsakiya. Tagar bene da ke leƙa tsakar gidan mutane, inda mata ke girki da wanka, ta fi katanga haddasa gaba. Inda za a fasa dutse da nakiya kuma, a ɗauki hoton bangon kowane gida na kusa tun kafin a fara, in ba haka ba gardamar tsagewar bango ba ta ƙarewa.

Ɗan Safiyo: Malam Magini, to a rubuta. Hanyar ƙafa da gindin bishiya da wurin famfo su fito a zanen da za a kai sashen kula da gine-gine, kowanne da awonsa, su kuma shiga takardar cinikin fulotan da ke maƙwabtaka da su. In a baki aka bar su, wanda ya sayi fuloti na ƙarshe zai ja katangarsa ya haɗe da hanyar.