Za a yi mini allurar barci a asibiti, wa zai maido ni gida?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Likita ya rubuta mini gwajin endoskofi ranar Talata a nan Kumasi, wato za a zura siririn bututu mai kyamara ta baki a duba gyambon cikin da ya daɗe yana damuna. An ce kada in ci komai na awa 6 kafin gwajin, kuma tun da za a yi mini allurar da ke sa gyangyaɗi, dole in zo da babban mutum wanda zai maido ni gida. Iyalina ta tafi Tamale jinyar mahaifiyarta, babban ɗana shekararsa 12, kuma ina jin nauyin in tayar da wani daga rumfarsa a kasuwar Kejetia ya rasa cinikin wuni saboda ni. Shin ba zai wadatar ba in bar babur a gida, in kira motar haya ta Bolt idan an gama?

Nas daga Asawase:
Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba ka lafiya. Barin babur daidai ne, amma abin da asibiti ke nema mutum ne mai kula da kai, ba abin hawa kaɗai ba. Magungunan da aka saba amfani da su, kamar midazolam, suna sa mantuwa: za ka tashi ka yi magana tamkar ka warware, likita ya gaya maka abin da ya gani da yadda za ka sha magani, washegari ka nemi maganar a kanka ka rasa. Shi ya sa ake son ɗan rakiya ya saurari bayanin, ya karɓi takarda, ya riƙe ka idan jiri ya ɗebe ka. Har awa 24 ba a son ka yi tuƙi, ko ka sa hannu a takarda mai muhimmanci, kuma ni ina ƙara wa marasa lafiyata da cewa kada su tura kuɗi ta waya, wato MoMo, a ranar. Wurare da yawa suna ɗage gwajin idan mutum ya zo shi kaɗai, ka ga yunwar da ka sha ta tafi a banza. Idan har ka rasa kowa, ka tambayi likitanka tun yanzu ko za a iya yi maka da feshin kashe zafi a maƙogwaro kawai, ba allurar barci, domin wanda aka yi wa haka yakan koma gida da ƙafarsa, sai dai zai ji wucewar bututun.

Direban tasi:
Yaya, aikinmu yana ƙarewa ne a bakin ƙofa. Idan amai ya taso maka a cikin cunkoso, hannuna yana kan sitiyari. Ka ɗauki mota, amma da mutum a gefenka, kuma ka guji trotro, wato bas ɗin haya, da pragya, wato keke mai ƙafa uku, a ranar.

Baba Alhaji:
Ɗana, wannan nauyin da kake ji ne ya sa na sa baki. Bara aka yi mini irin wannan gwajin, har yau ban tuna yadda na shiga mota ba, ƙanena ne ya ba ni labari. Idan maƙwabcinka ne ya zo maka da wannan buƙatar, ai rufe rumfa za ka yi ka bi shi. Ka faɗa wa liman bayan sallar asuba, kuma ka nemi wanda zai zauna tare da kai har dare, don yaro ɗan shekara 12 ba zai san abin yi ba idan aka ga aman jini ko ciwon ciki mai tsanani, wanda dole a koma asibiti nan take.

Ɗan Aboabo:
Na gode Baba, na gode Hajiya Nas, Allah ya saka da alheri. Na yi wa mai gidan da nake haya magana, ya ce ɗansa babba zai raka ni tun ƙarfe 7 na safe, mu dawo da tasi, kuma a ɗakina zai kwana.