Tsohon katakon sida daga shingen maƙwabci: zai yi akwati kuwa?

Mai tambaya, daga Kanada:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Maƙwabcina a nan Vancouver ya rushe shingen katakon da ya tarar a gidansa tun lokacin da ya saya, ya kuma ba ni allunan da ginshiƙan baki ɗaya. Ya ce jan sida ne, irin wanda ya cika dazuzzukan wannan yanki. Fuskar allunan ta koma launin toka, wasu da sauran fenti a jiki, amma da na kankare gefen ɗaya da wuƙa sai ga ja mai ƙamshi a ciki. Niyyata in yi wa uwargida akwatin ajiye kayan sanyi na ulu, saboda na ji ana cewa ƙamshin sida yana korar asu, in kuma haɗa benci da akwatunan shuka alayyafo a bayan gida. Ina neman shawarar masana kafin in sa zarto.

Wani dattijon kafinta, daga Kano:
Wa alaikumus salam, ɗana. Sida ba itacenmu ba ne, mu madaci muka fi sani, amma tsohon katako halinsa ɗaya ko'ina. Abin da ke cin mutum a ciki shi ne guntun ƙusar da ta karye ta ɓuya, domin ita ce ke karya haƙorin zarto, wani lokaci ma ta yi tsalle ta nufi ido. Ka bi kowane allo da maganaɗisu, kuma duk inda ka ga baƙin ɗigo ka tona, akwai ƙarfe a wurin. Ka wanke ƙasar da ta maƙale da burushi kafin ka kai shi inji, saboda yashi yana dakushe wuƙa nan da nan. Gindin allon da ya daɗe yana shan damshi kuwa, ka danna shi da tsinin ƙusa. Idan ta nutse ba da ƙarfi ba, ka yanke har inda itacen ya yi tauri.

Wani ɗan'uwa mai aikin gini, daga Seattle:
Maganar Baba gaskiya ce, sai dai akwai abin da ya riga ta. Malam, ka fara raba allunan da ginshiƙan, domin a wannan yanki sau da yawa allunan ne kawai sida, ginshiƙan da ake binnewa a ƙasa kuwa wani itace ne da aka ɗura wa maganin ruɓa. Alamarsu ita ce ƙananan tsage-tsage a jere a jikinsu, da launi mai ɗan kore. Har zuwa ƙarshen 2003, maganin da aka fi amfani da shi a Amurka da Kanada shi ne CCA, wanda ke ɗauke da gubar asenik. Tunda ba a san shekarun shingen ba, ka ɗauka irinsa ne aka ɗura wa ginshiƙan: kada ka shuka abin ci a cikin katakonsu, kada ka goge shi, kada kuma ka ƙona shi, domin tokarsa ma guba ce.

Game da asu, sidan da ya yi suna a wannan aikin shi ne na gabashin Amurka, Juniperus virginiana. Naka Thuja plicata ne, kuma baiwarsa ita ce jure ruwa da ruɓa, shi ya sa benci da akwatin shuka suka fi dacewa da shi. Itace ne mara nauyi mai laushi, har farce yana iya yi masa shaida. Kuma ka nemi ƙusoshin da ba sa tsatsa, domin baƙin ƙarfe yana haɗuwa da ruwan jikin sida ya bar baƙin zane yana gangarowa.

Wata ma'aikaciyar jinya, daga Toronto:
Yallabai, ni fentin nan ne ya tsaya mini a rai. A Kanada fentin waje na kafin 1990 yana iya ƙunsar dalma, kuma wanda ya tuna yaran da ƙurar dalma ta hallaka a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba zai raina ta ba. A gwada shi kafin a taɓa shi da samfefa, musamman idan da yara a gidan. Ko babu fenti ma, ƙurar wannan sida tana daga cikin sanannun abubuwan da ke jawo wa ma'aikatan injin katako cutar asma a lardin da kake zaune. Ka yi aikin a fili, da takunkumin da aka yi don tace ƙura.

Dattijon kafinta ya ƙara da cewa:
To, ga waɗanda suka san ƙasar sun faɗa. Amma ni ban hana ka akwatin uwargida ba, ɗana, domin rufaffen akwati da wankakken kaya su ne rabin maganin asu. Ka zaɓi allunan da ba su da fenti, ka jera su a cikin ɗaki da 'yan sanduna a tsakani har su saba da iskar gida, in ba haka ba murfin zai lanƙwashe bayan ka gama. Cikin akwatin ka bar shi babu fenti, wajen kuwa ka shafa masa mai.