Alumni da Hausa: tsofaffin ɗalibai, yayayyu ko yayye?

Salamu alaikum ƴan uwa. Ina neman taimakon masu Hausa, na baka da na alƙalami duka. Muna rubuta dokokin amikal ɗinmu, wato ƙungiyar waɗanda suka yi karatu a sashe guda na jami'a nan Yamai, aka ce a yi su da Faransanci a yi da Hausa, tunda kundin tafiyar da ƙasar Nijar da aka sa ma hannu a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki ne. Shugaba, ma'aji, magatakarda, kuɗin wata, duk waɗannan ba su ba mu wahala ba. Kalma guda ce ta tsaya mana a maƙoshi, wato alumni, sunan da Turawa ke kiran waɗanda suka yi karatu a makaranta suka fita. Wasu ƴan uwa sun riga sun rubuto nasu shawarwari, zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na san abin da kowa zai fara cewa, tsofaffin ɗalibai mana, mi ye abin wahala a nan. Haka gidajen rediyo ke faɗi, haka ƴan uwanmu na Najeriya ke rubutawa, kuma ba kuskure ba ne, ita ce anciens étudiants da muka saba ji. Amma ni dai ba ta kwanta mini ba. Yarinyar da ta karɓi lisans bara, tana sitaj a wani biro ko kuɗin taksi ba a ba ta, in ta ga sanarwa an ce taron tsofaffin ɗalibai wallahi ba za ta ji da ita ake ba, za ta ce wannan taron su darakta ne masu furfura da mota. Sannan ku duba yadda muke amfani da tsoho in an jingina shi da matsayi: tsohon minista, tsohon miji, tsohon maigida. Duk inda ka ji shi to an rabu. Mu kuwa abin da muke so kalmar ta gaya ma mutum shi ne har yanzu akwai haƙƙi tsakaninsa da gidan nan.

Ku lissafa da ni. Jami'ar Yamai ta soma ne a 1971 a matsayin cibiyar karatu mai zurfi, ta zama jami'a a 1973, aka sa mata sunan Abdou Moumouni a 1992 bayan rasuwarsa. Ita tana da tsofaffi na gaskiya, waɗanda suka fara shiga ajinta yanzu sun haura saba'in. Amma ta Tawa da ake kira Djibo Hamani, da ta Maraɗi da ta Damagaram, a 2010 suka zama jami'o'i, su Agadas da Difa da Doso da Tilaberi kuwa sai 2014. Kenan galibin waɗanda suka fito daga jami'ar Tawa ko arba'in ba su kai ba. Ka kira su tsofaffi ka ga ko za su waiwayo.

Ita alumni daga Latin take, asalin ma'anarta yaron da aka shayar aka raina, ɗan riƙo, shi ya sa suke kiran makaranta alma mater, uwa mai shayarwa. Babu tsufa a ciki ko kaɗan. Kuma ba don ado suka riƙe ta ba, kuɗi take jawowa. Jami'ar Harvard ta Amurka an kafa ta a 1636, sunan ma na wani ne da ya rasu a 1638 ya bar mata rabin dukiyarsa da littattafai kusan 400. Yau dukiyar da ta tara ta kyauta ta wuce dala biliyan 50, fiye da abin da tattalin arzikin Nijar kakaf ke samarwa a shekara, kuma ba sa taɓa uwar kuɗin, wajen kashi 5 cikin ɗari suke cira duk shekara. Ba na ce mu zama su ba. Abin da ya ja hankalina shi ne suna da ofis guda da aikinsa kawai ya san ina kowane ɗan gidan yake, wane aiki yake yi, lambarsa ta canza ko ba ta canza ba, ya aika masa labarin makaranta, ya gayyace shi taron ƴan ajinsu, tun kafin ranar da za a ce masa kawo.

Malam, na ga abin da ka rubuto daga Tawa, Allah ya ƙara sani. Ka ce a ce ɗiyan jami'a. Ta yi daɗi a baki kuma akwai zumunci a ciki, sai dai in ka tsaya bakin titi ka ce ga ɗan jami'a can, kowa zai nemi yaro mai jaka a baya yana jiran bas ɗin kampis. Kalmar tana da masu ita, su ne waɗanda ke cikin anfi, wato zauren lacca, yanzu. In muka ƙwace ta sai mun sake nemo musu wata.

Wani ƙanenmu kuma ya ce saukakku, daga saukar karatu. Ni wannan ba zan taɓa ba, sauka ta Alƙur'ani ce, a bar ta da darajarta. Amma ya tuno mana da abu mai muhimmanci. A makarantar allo ba a cewa tsohon almajirin malam wane. Mutum ya yi sauka, ya yi aure, ya yi jikoki, in an tambaye shi cewa zai yi ni almajirin malam wane ne, da salla ya je gaisuwa da ɗan abin da ya samu, da damina ya tura yara gonar malam, in ɗakin karatu ya zube ba sai an rubuto masa takarda ba. Abin da Turawa ke biyan ma'aikata albashi su gina, mu muna da shi a gida tun kaka da kakanni, lakkwal ce kawai ba ta gaje shi ba.

Hajiya, taki ce ta fi tsayar da ni: yayayyu. Gaskiya kin yi tunani. Ai bikin yaye ɗalibai muke cewa, kowa ya san shi, to wanda aka yaye shi ne yayayye, mace yayayya, jam'i yayayyu, ginin kalmar daidai yake kamar dafaffe da dafaffu, kuma ta faɗa daidai kan waccan ma'ana ta shayarwa ba tare da mun ara ba. Waɗanda suka ce tana tuna musu da jarirai, wannan sabo ne, in aka ji ta a rediyo wata biyu za ta zauna.

Inda na tsaya da ita wuri guda ne. Yayayye sai wanda ya kai ƙarshe ya karɓi takarda. To ina za mu kai waɗanda ba su gama ba? Ku tuna nawa ne cikin ƴan promo ɗinku, wato ƴan ajinku, suka bari a shekara ta biyu, wani bursi ya yi jinkiri ba shi da mai ciyar da shi a Yamai, wani shekarar karatu ta ja ta shiga cikin wata ya gaji, wani mahaifi ya rasu ya koma gida riƙon ƙanne, wata aka yi mata aure. Da yawansu yau su ne ke da shago a babbar kasuwa, su ne ke shigo da kaya daga Kwatano da Lome, kuma in ana maganar wa zai iya biya ma yara goma kuɗin rajista, su ne. Jami'o'in Amurka da yawa suna lissafa wanda ya yi ɗan zama ko bai gama ba cikin alumni. Bill Gates bai gama Harvard ba ya fita, daga baya shi da Steve Ballmer suka ba da kuɗin ginin sashen kwamfuta aka sa masa sunayen iyayensu mata. In kalmarmu ta rufe ƙofa ga wanda bai karɓi takarda ba, mun kore shi sau biyu kenan, kuma ni wannan yana yi mini ciwo.

Shi ya sa nake kawo tawa shawarar: yayye. Yayyen ɗalibai. Duk wanda ya riga ka zama a kan bencin nan yayanka ne, ya gama ko bai gama ba, bara ya fita ko tun zamanin Kunce. Ba ta bambanta mace da namiji, yaya yaya ne. Yarinyar nan mai sitaj ba za ta ƙi a ce mata yaya ba, shi ma mai furfura ba zai ƙi ba. Kuma tana ɗauke da nauyi da kanta ba sai an yi wa'azi ba, Bahaushe ya ce babban wa magajin uba, ko'ina ka je an san abin da ke kan yaya game da ƙanensa. In ɗalibi ya rubuto ya ce yayyenmu, labo ɗinmu babu kayan aiki, ba bara ya yi ba, gida ya kawo kuka.

Na ga mai cewa ai ɗan master ma yaya ne ga ɗan shekarar farko, za a rikice. E haka ne a hira. Amma a takarda layi guda ya isa: yayye su ne waɗanda suka yi karatu a nan suka fita. Kowace ƙungiya haka take fayyace membobinta. Sai mu ajiye ta Hajiya inda ta fi ƙarfi, yayayyu su zama diplômés, masu takarda a hannu, don akwai wuraren da dole a bambanta, kamar lissafin nawa suka samu aiki bayan gamawa. Kenan duk yayayye yana cikin yayye, amma ba duk yaya ne yayayye ba. Na san sun yi kama a kunne, masu karanta sanarwa sai su ja ta a hankali.

Abin da ya sa na nace haka, mutanenmu ba marowata ba ne. Ku duba grup ɗin WhatsApp na kowace promo, a ce wane ya yi haihuwa ko mahaifiyar wance ta rasu, kafin isha'i hotunan rasit na Nita da Amana, kamfanonin aika kuɗi, sun cika waya, jika biyu, jika biyar, wani daga Abijan, wani daga Faransa. Ku duba ƙauyukan Adar, masallatai nawa da azuzuwa nawa ƴan biɗa suka gina da guminsu. Hannun a buɗe yake, jami'a ce ba ta cikin jerin waɗanda ake jin suna da haƙƙi, ana ganin ta gwamnati ce, gwamnati ta ji da abinta. Alhali mutum 500 in kowa ya ba da jika biyu a wata, miliyan guda kenan na sefa duk wata, miliyan 12 a shekara. Wannan zai sayi littattafai, ya biya intanet na ɗakin karatu, ya riƙe yaran da ke shirin bari saboda abinci. Sharaɗin kawai a riƙa nuna ma mutane inda kowace dala ta shiga, da rasit da hoto, in ba haka ba wata uku kotizasiyon, wato kuɗin wata, ya mutu ko da wace kalma muka kira su.

Sauran kalmomin ba su da gardama sosai. Tara kuɗi don wani aiki gidauniya ce, a kafa gidauniya, an san ta. Abin da membobi ke zubawa duk wata karo-karo. Ita kuwa dukiyar da ake ajiyewa ba a cin uwar sai riba, kar kowa ya wahalar da kansa ƙirƙira, sunanta wakafi, da shi Azhar ta Masar ta rayu ɗaruruwan shekaru, ita ma Ƙarawiyyin ta Fas mace ce, Fatima al-Fihri, ta gina ta da gadonta a shekarar 859. Ofishin da ke kula da mu kuma ofishin zumunci da yayye, na fi son zumunci a kan hulɗa, hulɗa da baƙo ake yi.

Wadda ta rage ita ce marketing. An ce talla, wani malaminmu ya ce shi ba zai yarda a ce ana tallar jami'a kamar goro a faranti ba, ya fi son yayata suna. Ni ina ganin talla ba abin kunya ba ce, jami'o'in kuɗi na Yamai ga allunansu nan a kowane rompuwan suna yi, amma wannan a buɗe mata nata zaren daban. Masu aiki a rediyo, don Allah ku gwada Ƙungiyar Yayyen Ɗalibai a baki, cikin sanarwa ta gaske mai kwanan wata da wurin taro, ku gaya mana ko tana tafiya ko tana sarƙewa. Masu Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci kuma ku kawo naku, don rabin ƴan amikal ɗinmu da su suke magana a gida.