Neman Shawara: Zan Gabatar da Muƙala a Taron da Za a Yi ta Intanet

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ni ɗaliba ce mai karatun digiri na biyu a fannin tarihi, ina zaune a Agege, kuma bincikena ya shafi zaman Hausawa a Ikko da cinikin goro. Malamin da ke duba aikina ya sa sunana cikin masu gabatar da muƙala a taron ƙara wa juna sani da sashenmu zai yi ta Zoom, inda masana daga Ingila da Amurka za su halarta, an kuma ba ni minti 15. Aikin bai kammala ba, ina tsoron wani ya kwashe abin da na tattara tun ban wallafa ba, ga kuma matsalar wuta da sabis. Shin in karɓa, ko in nemi a ɗaga mini?

Amsar wani malami daga Ojo:

Wa alaikumus salam. 'Yata, ki karɓa, domin an ƙirƙiri irin wannan zama ne saboda aikin da bai nuna ba, a gyara shi tun ana iya gyarawa. Sai dai kada ki yi ƙoƙarin cusa kundin gaba ɗaya cikin minti 15. Shafi shida ko bakwai ya wadatar, kuma ki tsaya a kan hujja guda. Ki sani cewa masu sauraronki sun karanta littafin Abner Cohen na 1969 a kan Hausawan Sabo da ke Ibadan, sun kuma san aikin Paul Lovejoy na 1980 a kan fataucin goro, saboda haka tambayar da za su fara yi miki ita ce: me Agege ta bambanta da shi? Idan kin nuna yadda layin dogo, wanda ya isa Kano a 1911, ya sauya hanyar goro da wurin saukar fatake, kin kuma kawo abin da dattawan zango suka faɗa miki da bakinsu, to kin zo da abin da ba su da shi. Game da sata, taron da aka sanar da shi, da sunanki da kwanan wata a jiki, shi kansa shaida ne a gare ki.

Amsar wani ɗan'uwa daga Idi-Araba:

Malama, ki tabbatar da agogon wace ƙasa aka bi wajen sa lokaci. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacinmu ɗaya da Ingila, a sauran watanni kuwa muna gabansu da awa guda, gabashin Amurka kuma tazarar awa biyar ce ko shida. Ki cika cajin kwamfuta da waya, ki tanadi layuka biyu na kamfanoni daban, sannan ki aika wa mai jagorantar zaman takardarki tun da wuri, yadda ko sabis ya yanke zai iya ci gaba da nuna ta. Idan murya ta fara sarƙewa, ki kashe kyamara.

Amsar wata Hajiya daga Obalende:

Ƙanwata, ban yarda da Malam ɗari bisa ɗari ba. Ana naɗar wasu daga cikin waɗannan tarurruka a ɗora a YouTube, alhali dattawan da kika yi hira da su ba su san muryarsu za ta kai can ba, musamman idan sun taɓo rikicin sarauta ko na fili. Ki tambayi masu shiryawa ko za a naɗa, ki koma ki nemi izinin dattawan, wanda bai amince ba kuma ki sakaya sunansa.