Shin in biya kafin alƙalami kan sabuwar bindigar da ba ta fito ba, alhali dokar Kanada ba ta tsaya wuri ɗaya ba?

Makiyayin Alberta ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan uwa mazauna Kanada. Ina da lasisin mallakar bindiga na PAL, kuma ina kiwon tumaki a wata ƙaramar gona a kudancin Alberta, inda dilan wannan ƙasa da ake kira koyoti yake yi mana ɓarna a lokacin haihuwa, musamman da asuba. Wani ƙaramin kamfani na cikin gida ya sanar cewa zai fito da sabuwar bindiga mai ɗura kanta bayan kowane harbi, mai cin harsashin .223, kuma ya ce an zana ta tun daga tushe da gidan harsashi nata na musamman mai ɗaukar biyar kacal domin ta dace da dokar bindigogi ta C-21. Na ga hotunanta kuma ta kwanta mini a rai, domin ba ta da nauyi, an kuma yi ta yadda mai safar hannu zai iya sarrafa ta a cikin sanyi. Shagon da nake hulɗa da shi yana karɓar kafin alƙalami tun yanzu. Tambayata ita ce, mene ne tabbacin cewa bindigar da ta halatta ranar da na saya ba za ta haramta ba kafin shekara ta zagayo? Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin wannan harka.

Dattijon Regina ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Amsar a taƙaice ita ce babu wannan tabbaci, kuma duk wanda ya ba ka shi, ko dai bai bi abin da ya faru tun 2020 ba, ko kuwa yana son ya sayar maka da kaya ne.

A ranar 1 ga Mayu 2020, makonni biyu bayan kisan mutum 22 a Nova Scotia, gwamnatin tarayya ta haramta kusan nau'i 1,500 na bindigogi da umarnin majalisar ministoci, ba tare da an kai batun zauren majalisar dokoki ba, kuma haramcin ya fara aiki nan take. A ranar 5 ga Disamba 2024 aka ƙara 324, sannan a ranar 7 ga Maris 2025 aka ƙara 179. A cikin jerin Disamba akwai WK180-C, bindigar da aka ƙera a Kanada, wadda mutane da yawa suka koma wa bayan haramcin farko saboda tana rukunin da ba a taƙaita ba. Wanda ya saye ta da halaliyarsa ya wayi gari ba shi da ikon fita farauta da ita, ba shi da ikon sayar wa maƙwabcinsa, sai dai ya kulle ta a akwatin ƙarfe ƙarƙashin wa'adin afuwa yana jiran shirin gwamnati na karɓar bindigogin da biyan diyya.

Abin da kamfanin ya faɗa maka game da C-21 yana da tushe. Dokar, wadda ta samu sa hannu a ranar 15 ga Disamba 2023, ta haramta duk doguwar bindiga mai ɗura kanta, mai cin harsashin da ake bugun tsakiyar gindinsa, wadda tun asali aka zana ta da gidan harsashi mai cirewa da ke ɗaukar shida ko fiye, matuƙar an zana ta an kuma ƙera ta bayan dokar ta fara aiki. Saboda haka masu ƙira suka koma yin gidan harsashi mai biyar wanda ba ya shiga wata bindiga. Sai dai wannan ƙofa ɗaya ce cikin biyu. Ta biyun ita ce, ƙa'idojin 2020 sun haramta bindigar AR-15 tare da duk bindigar da aka ɗauka reshenta ce ko gyararren samfurinta, kuma dokar ba ta fayyace inda kamanni yake tsayawa ba. Masu duba wannan su ne ƙwararrun 'yan sandan tarayya na RCMP, waɗanda suke shigar da kowace bindiga da rukuninta cikin kundinsu da ake kira FRT. Bindigar Crypto ta kamfanin Crusader Arms an yi ta ne daidai da sharaɗin C-21, an sayar wa jama'a, sannan a 2025 aka shigar da ita kundin a matsayin haramtacciya bisa hujjar cewa reshen AR-15 ce.

Don haka kafin ka zaro ko sisi, ka tambayi mai shagon lambar bindigar a kundin FRT da rukunin da aka sa ta, kuma ka nemi ya rubuta maka cewa za a mayar maka da kuɗinka cif idan aka haramta ta kafin ta iso hannunka. Idan ya ce lambar tana nan tafe, ka jira ta iso. Ba a cinikin biri a sama.

Hajiya ta Montreal ta amsa:

Malam, ina jajanta maka asarar dabbobi, kuma ban ga laifin manomi ya nemi abin kare dukiyarsa ba. Amma ina so a sa ɗaya gefen a kan sikeli, domin a nan Montreal wannan magana ba ta cinikayya kaɗai ba ce. A ranar 6 ga Disamba 1989 aka kashe mata 14 a makarantar Polytechnique da bindigar Ruger Mini-14, wadda take cin harsashin .223 irin wanda kake magana a kai, kuma an saye ta ne bisa ƙa'ida. Sai da aka yi shekara 30 kafin a haramta ta a 2020. Duk ranar 6 ga Disamba ana haska fitilu zuwa sama daga dutsen Mont-Royal ana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda ya taɓa tsayawa a wurin cikin wannan sanyi zai fahimci dalilin da ya sa iyalansu ba su yarda da a daina matsa wa gwamnati ba.

Kwamitin da ya binciki kisan Nova Scotia ya ba da shawara a rahotonsa na Maris 2023 cewa a haramta irin waɗannan bindigogi bisa yadda suke aiki, maimakon a riƙa bin sunayensu. Ina ganin wannan ya fi adalci ga kowa, har da kai, domin ruɗanin da kake ciki ya samo asali ne daga yadda gwamnati take fitar da jeri, masu ƙira su sauya ɗan abu kaɗan su fito da sabon suna, gwamnati ta sake fitar da wani jeri. Bindigar da aka zana domin ta ratsa ta tsakanin layukan doka ita ce ta farko da za a waiwaya idan aka zo gyara. Shin aikin da kake son yi yana buƙatar mai ɗura kanta dole?

Dattijon Regina ya sake amsawa:

Hajiya, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, kuma ba na jayayya da zafin da ke zukatan iyalansu. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne wanda ya yi kisan Nova Scotia ba shi da lasisi, kuma yawancin makamansa daga Amurka aka yi fasa-ƙwaurinsu, amma nauyin haramcin ya faɗo kan waɗanda suka yi kwas, suka ci jarrabawa, ake kuma duba sunayensu a kundin 'yan sanda kullum. Na yarda da ke cewa ƙa'ida ɗaya bayyananniya ta fi jeri. Sai dai lokacin da aka gwada faɗaɗa ta a Nuwamba 2022, gyaran da aka kawo wa C-21 ya haɗa da SKS, tsohuwar bindigar Tarayyar Sobiyet da mafarauta 'yan asalin ƙasa suke ciyar da iyalansu da ita, aka yi ta ce-ce-ku-ce har gwamnati ta janye shi a Fabrairu 2023. Kotu ma ba ta kawo sauƙi ba, domin Kotun Tarayya ta yi watsi da ƙarar masu bindigogi a Oktoba 2023, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a Afrilu 2025. Gwamnatocin Alberta da Saskatchewan suna adawa da shirin karɓar bindigogin, amma kada ƙanena ya dogara da wannan, domin rarraba bindigogi rukuni-rukuni yana ƙarƙashin dokar laifuka ta tarayya ne, kuma lardi ba shi da ikon halatta abin da Ottawa ta haramta.

Maharbin Winnipeg ya amsa:

Yaya, tambayar Hajiya ta ƙarshe ita ce ta fi amfani a gare ka. Koyoti ba ya tsayawa a yi masa ruwan harsashi, domin da zarar ya ji ƙarar farko ya bi ta cikin ciyawa ya ɓace, saboda haka harbin farko shi ne aikin. Bindigar da ake ɗanawa da hannu, irin su Tikka T3x ko Ruger American mai cin .223, tare da madubin hange mai kyau da sandar dogarawa, za ta yi maka wannan aiki a nisan mita 200, ga sauƙin wankewa, ga rashin maƙalewa idan man cikinta ya daskare a watan Janairu. Irin waɗannan bindigogin farauta ba su ne haramce-haramcen nan suka nufa ba. Kuma tunda doka ta riga ta tsayar da mai ɗura kanta a kan harsashi biyar, bambancin da za ka samu bai kai girman kasadar ba. Ragowar kuɗin ka sa a wayar shinge mai lantarki ko karen gadi, domin su ne suke aiki lokacin da kake barci.

Makiyayin Alberta ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira shagon, suka ce bindigar ba ta samu lamba a kundin ba tukuna, kuma idan aka haramta ta, kaya kawai za su ba ni a madadin kuɗina. Saboda haka na dakatar da biya. Har yanzu ina son ƙirar, kuma zan ci gaba da bibiyar labarinta, amma kafin lokacin haihuwar tumaki zan nemi wadda ake ɗanawa da hannu. Maharbi, wane ƙarfin madubi kake ganin ya dace da harbin asuba a buɗaɗɗen fili?