Ina zama awa biyar da littafi amma hankalina ba ya tsayawa

Ɗaliba mai shirin jarrabawa:
Assalamu alaikum, jama'a. Saura mako uku mu fara jarrabawar ƙarshen zango, kuma akwai aikin rubutu da aka ce mu miƙa nan da kwana goma. Nakan zauna da littafi kusan awa biyar a rana, amma idan na kai ƙarshen shafi sai in tarar idona ne kawai ya bi layukan, hankalina yana can wani wuri. Jiya na maimaita sakin layi ɗaya har sau huɗu ina ja masa layi da jan biro, da na rufe littafin kuwa na kasa faɗin abin da ya ƙunsa. Don Allah, wanda ya taɓa shiga wannan hali ya ba ni shawara.

Tsohon malami:
Wa'alaikumus salam, 'yata. Jan biron nan naki shi ya nuna mini inda gizo ke saƙar. Maimaita karatu aiki ne mai sauƙi da ba ya neman komai daga ƙwaƙwalwa, shi ya sa take samun sararin tafiya yawonta. Ki ba ta aikin da zai riƙe ta: ki karanta shafi biyu, ki rufe littafin, ki rubuta duk abin da kika iya tunawa a farar takarda, sannan ki buɗe ki cike giɓin da biro mai wani launi. Ranar farko takardar za ta ba ki kunya, kamar yadda ta ba kusan duk ɗaliban da na koyar, amma kada ki karaya.

A 2006, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka sun gwada wannan da ɗalibai. Waɗanda suka yi ta maimaita karatu sun fi samun maki a gwajin da aka yi bayan minti biyar, amma da aka yi gwajin bayan mako guda, waɗanda suka riƙa ƙoƙarin tunowa da ka ne suka yi musu fintinƙau. Tun 1885 ma Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a awannin farko bayan koyo, don haka abin da kika karanta yau ki tambayi kanki shi gobe, sannan bayan kwana uku, sannan bayan mako.

Ɗalibin digiri na biyu:
Malam ya gama magana, ƙari kawai zan yi. 'Yar'uwa, awa biyar a zama ɗaya ta yi yawa. Ni na samu sauƙi da tsarin Pomodoro, wanda wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1980: aiki na minti 25, hutu na minti 5, bayan zagaye huɗu kuma a yi hutu mai ɗan tsawo. Sai dai bai yi mini amfani ba sai da na daina auna lokacin da wayata, domin duk sa'ad da na ɗaga ta don duba minti nawa ya rage, sai in tsinci kaina a WhatsApp. Yanzu a wani ɗaki nake barin ta, in yi amfani da agogon tebur. Ina kuma ajiye 'yar takarda a gefe, idan wani tunani ya faɗo mini in rubuta shi in ci gaba.

Ma'aikaciyar jinya:
Ban cika yarda da ƙa'idar minti 25 ba, musamman a darasin lissafi ko rubutu mai tsawo, inda ƙararrawa kan katse mutum daidai lokacin da ya fara gane bakin zaren. Idan aiki yana tafiya, ki wuce har minti 45 ko 50. Abin da ya fi damuna, ƙanwata, shi ne ba ki faɗi awa nawa kike barci ba. Baligi yana buƙatar awa 7 zuwa 9, kuma a cikin barcin ne ƙwaƙwalwa take daidaita abin da aka koya da rana. Idan kina shan kofi ko lemon ƙara kuzari, ki sani cewa jiki kan ɗauki kusan awa biyar kafin ya rage rabin sinadarin kafeyin (mai hana barci) da ke cikinsu, saboda haka na yamma yana nan tare da ke har tsakar dare.

Ɗaliba mai shirin jarrabawa:
Na gode ƙwarai. Yaya, gaskiya barcina bai wuce awa biyar ba, zan gyara. Malam, ya zan yi da aikin rubutun? Da na fara bitar jarrabawa sai ya tsaya mini a rai.

Tsohon malami:
Yana tsaya miki a rai ne saboda ba ki yanke masa lokaci ba. Ki ware masa awa ɗaya da rabi kowace safiya, ki rubuta tun da daddare ainihin abin da za ki yi da safe, misali "zan rubuta gabatarwa da sashe na farko". Ki ɗauki kwana na takwas a matsayin ranar miƙawa, sauran biyun na gyara ne, bita kuma ta ci ragowar yinin.